Watan da Labbo Ya Gani a Bututu

A Tungar Yari, wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Dogarawa da Malbaza, in kana son kashe magana sai ka ce, "Labbo ne ya faɗa." Shi ke nan, kowa ya koma kan abin da yake yi. Ba wai Labbo mugu ba ne, a'a. Baki ne Allah ya hore masa, shi kuwa bai taɓa barin bakin nan ya huta ba. In ya ga maciji a gona wanda bai wuce tsawon muciya ba, kafin ya iso dandali ya zama mesa, har ta haɗiye ɗan akuya. Mutane su yi dariya, shi ma ya yi, amma abin yana cinsa a rai. Duk duniyar nan abu ɗaya yake so: ya faɗi magana gari ya ɗauka ya yi aiki da ita, ko da sau ɗaya ne kafin ya mutu.

Akwai kuwa mai irin wannan baki a garin, wato Barmo, wani tsohon maharbi da Allah ya ba ido. Shekara talatin da ɗoriya shi ke duban wata. Ran ashirin da tara ga Sha'aban maza kan hau tudun da ke yamma da gari, a yi magariba a can, Barmo ya dafe goshi ya zuba wa sama ido. In ya ce "ya tsaya," wani ya bi yatsansa ya gani, Liman Mumuni ya karɓi shaidar mutum biyu, a harba bindiga, tunga huɗu su ɗauki azumi. Labbo yakan tsaya a baya yana cizon yatsa. Tsoho ya yi kalma biyu tunga huɗu su bar abinci, shi ya yi ɗari ko kaza ba ta gusa ba!

Shekara uku Labbo ya yi yana gadi da shara a gidan wani Anasara, Mushe Filip, mai gyaran injuna a gidan siminti na Malbaza. Da Mushe ya tashi komawa ƙasarsu, a shekara ta goma da samun mulkin kai, kaya suka yi masa yawa, sai ya bar wa Labbo wani dogon akwati. Yini guda ya yi yana koya masa yadda ake aiki da abin da ke ciki, da Faransanci. Faransancin Labbo kuwa daga "wi Mushe" sai "wi Mushe," wato "to, maigida." Aka ce kada ka yi kaza, ya ce wi. Aka ce kullum ka yi kaza, ya ce wi. Mushe ya hau jirgi yana murna ya bar ɗalibi a ƙasar Hausa.

Saura kwana shida a hau tudu, motar siminti ta sauke Labbo a bakin hanya, fari fat da ƙura, da akwati a ka. Bai ma shiga gida ba. Ya zarce dandali, ƙarƙashin tsamiya, ya buɗe, ya zaro wani farin ƙarfe mai kaurin cinya da tsawon taɓarya.

"Igwa ce!" in ji wata tsohuwa. Mata suka suri 'ya'yansu suka yi bayan rumbuna.

"Igwar mi?" in ji Labbo. "Kai, rashin yawo bai yi ba. Wanga shi aka ce ma talaskof. Da irinai Amurkawa sunka diba wurin sauka kahin su taka wata bara. Ni da Mushe mun ga sawun takalminsu."

Isufu wanzami, taubashin Labbo, wanda tun suna yara ba ya raga masa, ya zagaya abin sau biyu da aska a hannu. "Taubashi, wanga ai bututu ne."

"Talaskof."

"Awo, na ji. Bututu."

Tun daga ranar babu wanda ya sake kiransa da wani suna.

Labbo ya ware ƙafafu uku na katako ya ɗora bututun a kai. Akwai wasu 'yan ƙusoshi da ake murɗawa su riƙe ƙafafun, amma wannan yana cikin abubuwan da ya ce wa wi. Yana sakin hannu ƙafa ɗaya ta zame, bututun ya sunkuyo ya same shi a goshi, ƙwas!

"Ya san ubangidansa," in ji Isufu. "Gaisuwa ce."

Da ƙyar aka tsai da shi, an tokare ƙafafun da duwatsu. Shi wannan bututu ba ta gindi ake leƙa shi ba. Akwai wani ɗan ido a kuiɓinsa, kusa da baki, ta nan ake sa ido, saboda haka mai leƙe yakan fuskanci gefe guda, bakin bututun yana kallon wani gefen. Labbo ya ɗaga bakin sama, ya kafa ido, ya daɗe.

"Mi kag gani?" in ji jama'a.

Duhu ya gani, baƙi ƙirin. Amma Labbo ba ya rasa ta cewa. "Sama ta bakwai," ya ce a hankali. "Can rana ba ta kaiwa."

Nan da nan aka yi layi. Kowa ya leƙa ya ga duhu ya ja da baya yana salati. Wani dattijo har da ƙwalla. Ana cikin haka Lauratu matar Labbo ta iso da ƙwaryar fura, don ta ji an ce mijinta ya dawo yana dandali. Ta ajiye ƙwaryar, ta dubi bakin bututun, ta sa hannu ta ciro wani baƙin faifan roba.

"Maigida, wanga marhin hwa? Haka aka barinai?"

Dattijon nan ya share ƙwallarsa da haushi.

"Na bar shi ne don idonku ya saba," in ji Labbo. "Ke kuma wa ya aike ki?"

Washegari ya ce a fara da abin ƙasa tukuna. Ya kwantar da bakin bututun ya nufi wajen rijiya, can nesa, ya yi ta murza ɗan makunnin da ke gyara gani har abu ya fito. Sai ya yi tsalle da baya. Isufu ya ture shi ya leƙa.

"La'ilaha illallahu! Safiya matar Dogo ce! Da kai taka tahiya, ƙahwahunta na sama, ga tulu a ƙasa, kuma ruwan bai zuba ba!"

Ashe shi bututun haka halinsa yake, komai ya nuna sai ya kifar da shi. An yi shi ne don sama, inda ba a damu da kai da ƙafa ba. Amma je ka faɗa wa samarin Tungar Yari haka. Kafin azahar kowane saurayi ya ga rijiya a kife, ya ga jakin Liman yana kiwo da ƙafafu a sama. Kafin la'asar labari ya kai wa Dogo cewa ana kifar masa da mata a dandali. Ya iso da fartanya a kafaɗa, yana huci.

"Labbo! Wa yab ba ka iko ka juya mani iyali?"

"Haba Dogo, ilimi ne."

"Ka yi ilimin da taka matar!"

Sai da Liman ya fito daga zaure ya shiga tsakani. Ya yanke cewa daga yau bakin bututu ba zai sake kallon rijiya ba, ko danga, ko wata 'yar Adam. Sama kawai.

To, da rana me ke sama? Rana. A kwana na uku Labbo ya tara mutane da hantsi ya ce yau zai nuna musu cikin rana, su ga abin da ke ci a ciki. In da akwai abin da Mushe Filip ya maimaita sau goma yana kaɗa yatsa yana nuna idonsa, to wannan ne, kuma sau goma Labbo ya ce wi. Ya saita bakin bututun a kan rana. Allah ya taimake shi da son jawabi. Kafin ya sa ido sai ya cire sabuwar hularsa, wadda ya sayo a Birnin Konni, ya rataya ta a kan ɗan idon, ya juya ya fuskanci jama'a.

"Ku mutanen Tungar Yari, kakanninku sun rayu sun mutu ba su san..."

"Taubashi."

"Bari in gama. Ba su san abin da..."

"Taubashi, hularka na shan taba."

Hayaƙi ne siriri yake tashi daga tsakiyar hular. Kafin Labbo ya fizge ta ta huje, rami ya fito wanda babban yatsa zai shige, gefensa yana ja. Jama'a suka watse da gudu, suka tsaya daga nesa.

"Kun ga ƙarhinai?" in ji Labbo.

Lauratu ta karɓi hular ta leƙa shi ta ramin. "Da idonka kas sa, da yanzu ni ka ja maka sanda. Don Allah Maigida ka mai da abin ga akwatinai, mu yi azumi lahiya."

Ina! Ai azumin ne ma ya sa ya ɗauko shi. A ranar ya aika wa Barmo saƙo cewa bana ya huta, ilimi ya iso gari. Barmo yana gyaran lauje, don ya kira gayyar yankan dawarsa ran talatin ga wata. A lissafinsa watan bana sai ya cika, kuma yana so samari su ci su sha su kwashe masa dawa kafin a kama baki, tsuntsaye sun riga sun fara yi masa ɓarna. Ko kai bai ɗaga ba. Ya ce a gaya wa ɗan Shatu, wato Labbo, ya gode.

Ran ashirin da tara aka hau tudu. Ba a taɓa taro irin na bana ba, har mata sun tsaya a gindin tudun. Aka yi magariba. Barmo ya koma can gefe kan dutsen da ya saba tsayawa, ya juya wa bututu baya, ya dafe goshi. Yamma ta yi ja, akwai ɗan gajimare siriri a ƙasa-ƙasa. Ya duba, ya duba, ya sauke hannu.

"Bai tsaya ba."

Mutane suka fara neman takalmansu. Labbo kuwa gumi ya jiƙa masa riga. Tun ɗazu yake yawo da bakin bututu, dama, hagu, sama, ƙasa, babu abin da yake gani sai jan sama. Akwai ɗan ƙaramin bututu goye a bayan babban, wanda da shi ake fara neman abu, amma Labbo ya ɗauka mariƙi ne. Zuciyarsa ta fara karaya. Ya tura bakin can wajen kudu, ba don ya san komai ba, sai wani haske ya gilma. Ya dawo a hankali. Ya murza makunni. Hasken ya tattaru, ya tsaya, ga shi nan fari tas, siriri, lanƙwasasshe, da ƙahoni biyu.

"Wata!" Muryar ma ba tasa ba ce. "Wallahi wata! Ga shi!"

Babu wanda ya juyo, don Labbo ne ya faɗa. Sai Isufu, da niyyar ya samu abin tsokana, ya zo ya ture shi ya leƙa. Dariyar da ke bakinsa ta ɗauke.

"Jama'a," ya ce, "yau dai taubashina bai yi ƙarya ba."

Nan tudu ya rikice. Dogo ya leƙa ya gani. Wasu biyu suka leƙa suka gani. Na biyar ya ce babu komai, Labbo ya duba ya tarar abin ya sulale ya fita daga ido, don sama ba ta tsayawa jiran kowa. Ya ɗan gusa bakin ya kamo shi. Aka kawo Liman, aka riƙe masa rawani, ya sunkuya ya daɗe.

"Na ga abu kamar yankan farce," in ji Liman. "Barmo, zo ka diba."

"Ni ban leƙen ikon Allah ta rami," in ji Barmo daga kan dutsensa. "Ɗan Shatu, nuna mani shi da yatsa."

Labbo ya ɗaga hannu ya share rabin yamma da shi. "Can."

"Can ina? Kai kana kallon arewa, kana ganin wata a yamma?"

"Aikin Anasara ke nan, Baba Barmo."

"To ƙahoninai, ina sunka nuhwa? Jinjirin wata sama shika kallo, kamar ƙwarya a ajiye."

Isufu ya sake leƙawa. "Ƙasa sunka nuhwa."

"Kun ji ko," in ji Barmo. "Wanga ba wata ba ne."

A nan ne Labbo ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya kawo hujja. "Allah gafarta Malam, jakinka da munka gani ta bututu, ina ƙahwahunai sunka nuhwa?"

"Sama, an ce."

"To abin da ak kife a bututu, a waje daidai shike. In ƙahoni sun kalli ƙasa a ciki, a sama hwa?"

Sai kabbara ta tashi. Liman ya shafa gemu. Shaidu sun wuce biyu, shi ma da idonsa ya gani, ga hujja ta zauna. Rediyon maigari kuwa, da za a ji abin da babban birni Yamai ta ce, pil ɗinsa, wato batir, ya mutu tun damina. Ya dubi Barmo, Barmo ya kau da kai. Ya dubi Labbo.

"Kai kaf fara gani. Kai za ka hwaɗa ma jama'a."

Labbo ya hau kan dutse, da hularsa mai rami. Gari duka yana kallonsa, babu mai dariya. Ya buɗe baki, kuma a karo na farko kalma biyu suka ishe shi.

"Ya tsaya."

Bindiga ta tashi, daram! Mata suka rangaɗa guɗa a gindin tudu. Can nesa wata tunga ta amsa da tata bindigar, wata ma ta amsa. Daɗi ya kama Labbo har hawaye suka zubo masa, bai ma share ba. Yana saukowa ana miƙo masa hannu ta ko'ina, har da waɗanda shekara goma ba su saurare shi ba.

Gari ya waye da azumi. Labbo ya sa babbar riga tun da safe yana zagaya gari yana tambayar mutane yaya ƙishirwa. A gonar Barmo kuwa abin ba kyau. An riga an daka fura tulu-tulu, an yanka akuya, makaɗi ya zo da gangarsa. Daga samari arba'in da suka amsa gayya, goma sha ɗaya suka zo. Suka yanka kunya biyu-uku, rana ta take, maƙogwaro ya bushe, kafin azahar duk suna kwance ƙarƙashin gawo, makaɗin ma ya yi matashi da ganga. Furar tana tsami a inuwa, tsuntsaye suna biki a kan dawa. Barmo shi kaɗai yake sunkuye da lauje, da azuminsa a baki, don tun da Liman ya karɓa shi ma ya ɗauka.

Da la'asar sakaliya wata motar kaya da ta fito daga Konni ta tsaya kusa da rijiya, injinta ya yi zafi. Direban ya sauko, ya ja guga, ya zuba wa mota, sannan ya kafa kai ya sha har yana zuba a ƙirjinsa. Ya ciro goro ya ɓantara. Mutanen da ke kwance a gindin tsamiya suka miƙe zaune.

"Kai bawan Allah!" in ji Dogo. "Ba ka jin kunya? Rana ba ta hwaɗi ba, cikin watan azumi?"

Direban ya dube su da goro a baki. "Wane azumi?"

"Wane azumi! Jiya anka ga wata!"

"A ina? Ni daga Konni nike, kasuwa na ci, masu tuwo na sai da tuwo. Na biyo Dogarawa, mai shayi na dama shayi. Jiya na kwan Illela, ba wanda yag ga komi. Sai gobe in Allah ya so."

Idanu suka juya kan Labbo. Shi kuwa ya gyara babbar riga ya yi murmushin tausayi.

"Konni suna da talaskof?"

"Suna da mi?"

"Kun ji ko. Dogarawa hwa? Illela hwa? Bayin Allah, suna can suna cin abinci cikin Ramalana ba su sani ba. Ku gode ma Allah da ya ba ku ni. Anjima ku hau tudu ku ga watanku ɗan kwana biyu, ya yi ƙiba."

Direban ya girgiza kai ya hau motarsa. Maganar Labbo ta ɗan kwantar da mutane, amma ba duka ba. Da rana ta faɗi aka kurɓi ruwa a tsaitsaye, ko kunu ba a tsaya sha ba, gari duka ya nufi tudu. Wannan karon har matan sun hau.

Sama ta yi garau. Ba a gama sallame magariba da kyau ba Barmo ya miƙa yatsa. Ga shi nan, ɗan sama kaɗan da inda rana ta faɗi, siriri kamar zare, sai an ƙura ido ake ganinsa.

"Alhamdu lillahi!" in ji Labbo da ƙarfi. "Ga watana!"

"Wanga ɗan daren hwarko ne," in ji Barmo. "Shekara talatin ina ganin ɗan kwana biyu. Ya hi haka kauri, ya hi haka tashi sama."

"Idonka ne yat tsuhwa, Baba Barmo. Bari ku gani."

Ya kafa bututu a inda ya kafa shi jiya, duwatsun tokare ma suna nan. Ya juya bakin inda ya juya jiya. Bai sha wuya ba ya kamo shi, fari tas, da ƙahoninsa biyu, daidai yadda ya bar shi.

"Ga shi! Ku zo ku ga ƙiba!"

Isufu ya leƙa. Ya ɗago ya dubi watan da ke sama. Ya sake leƙawa. "Taubashi, bai ƙara ko kaɗan ba. Yadda munka bar shi jiya."

A nan Barmo ya sauko daga dutsensa. Bai nufi ɗan idon da kowa ke leƙawa ba. Ya zagaya ta gindin bututun, ya durƙusa, ya kwantar da kuncinsa a kan ƙarfen, ya runtse ido ɗaya ya bi tsawonsa, yadda maharbi ke bin bakin bindiga. Ya daɗe a haka. Sannan ya tashi ya kakkaɓe gwiwa.

"Liman, zo ka kwanta nan ka ga abin da bindigar ga ta auna."

Liman ya durƙusa. Bayansa Dogo, bayansa Isufu, bayansa duk wanda ya iya kutsawa. Bakin bututun ba wata yake kallo ba. Wata yana can dama. Abin da bakin ya auna, can hagu, tauraruwar nan ce mai haske da ke fitowa da magariba, wadda ko yaron goye ya san ta.

"Zara ce," in ji Barmo. "Zara matar wata."

"Ƙarya ne!" in ji Labbo. "Tauraro ɗigo ne! Wanga da ƙaho!"

Barmo bai yi musu ba. Ya kama bututun da hannu biyu, ya sake kwantar da kunci, ya juya shi a hankali har bakin ya auna jinjirin watan. Ya ce da Labbo ya leƙa. Labbo ya leƙa. Wani ƙaton lauje ne ya cika idon daga gefe zuwa gefe, har bai shiga duka ba, bakinsa da kaushi-kaushi. In aka ajiye na jiya kusa da shi, ƙwayar gero ce kusa da faifai. Labbo ya ƙi ɗagowa, don ya san abin da ke jiransa a waje.

Isufu ne ya janye shi ya leƙa, ya saki salati. Aka yi ta leƙawa ɗaya bayan ɗaya, a mai da bakin kan Zara a gani, a dawo kan wata a gani. Barmo ne ke juyawa, shi da ya ce ba ya leƙe ta rami, kuma ko sau ɗaya bai kuskure ba.

"Wato," in ji Dogo a hankali, "yinin ga da munka yi, leɓe na tsagewa, don tauraruwa munka yi shi?"

"Tunga huɗu!" in ji wani daga baya.

"Hurata tulu shida ta yi tsami!" in ji matar Barmo.

"Kwanan baya matata, jiya matar wata," in ji Dogo. "Kai dai ba ka bar matar kowa ba!"

Dariya ta fashe, irin ta masu jin haushi. Labbo ya ɗaga hannu biyu.

"Ku tsaya! To, na ji, Zara ce. Amma ku gaya mani, tun da anka kahwa garin ga, wa yat taɓa sanin Zara na da ƙaho? Baba Barmo, kai ka sani? Liman, akwai shi a littahi? Ni nig gano shi!"

Abin haushin, wannan karon gaskiya ya faɗa tsantsa. Zara takan yi ƙaho kamar jinjirin wata in ta kusato, ido ne kawai ba ya kaiwa. Amma mutumin da ya yini da ƙishirwa a banza ba ya son jin labarin ƙahon tauraruwa.

Liman ya ɗaga sanda aka yi shiru. "Ni ma na leƙa, ni ma na karɓa, Allah ya gahwarta muna baki ɗaya. Yinin yau talatin ga Sha'aban ne, ba ya cikin Ramalana. Gobe ne ɗaya ga wata. Samari, bayan sallar asuba kowa ya ɗauki lauje a tai gonar Barmo kahin rana ta yi zahi." Ya juya. "Barmo, hwaɗa ma jama'a."

"Ya tsaya," in ji Barmo.

Mai bindiga ya ce albarushinsa ya ƙare jiya. Sai aka tura masu kekuna tunga uku su je su ba da haƙuri, su ce na jiya kuskure ne, na yau ne na gaske, kuma Barmo ne ya faɗa. Liman ya ja kunnensu su tabbata sun ambaci sunan Barmo tun kafin su sauka daga keke.

Jama'a suka gangara. Babu wanda ya zagi Labbo, babu kuma wanda ya kama masa ɗaukar kaya. Shi kaɗai ya sauko da bututu a kafaɗa, ƙafafun katakon suna dukan ƙaurinsa.

Washegari, ɗaya ga azumi na gaske, bai fita ko ƙofar gida ba. Da yamma ya zauna a tabarma a tsakar gida, Lauratu ta jera kunun tsamiya da ƙosai da kofin ruwa, ta zauna gefe tana fifita. Ba ta yi masa gori ba ko sau ɗaya, wannan ma ya fi gorin ciwo. Rana ta sauka bayan danga, ta ɓace. Iska ta kawo muryar ladan daga masallaci, siririya amma sarai.

"An kira salla," in ji Labbo a hankali. "Sha ruwa."

Lauratu ta ɗauki kofin har ta kai shi kusa da baki. Sai ta tsaya. Ta dube shi, ta dubi kofin. Ta ajiye, ta tashi ta je jikin danga ta yi ɗage, ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira.

"Hadiza! Don Allah, da gaske an kira salla?"